Yaya zan yi lambuna ya riƙa shan ruwa da kansa idan ba na gida?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ɗan lambu a filin da ke bayan ɗakunanmu, fangali uku, kowanne faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 4. Ɗaya tumatir ne da barkono, ɗaya kokwamba, na ukun kuma latas da karas nake son zubawa. Matsalata ban ruwa. Aikina na karɓa-karɓa ne, wani makon da asuba nake fita, wani makon a can nake kwana, wani sa'in kuma a tura ni wani wuri in yi kwanaki. Idan na bar wa yara sallahu, ko dai su manta, ko su saki tiyo su tafi wasa har ruwa ya kwanta. Tumatirin ya fara nuna fushinsa: wasu sun tsage, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa tun ba su nuna ba.

Ina da tankin roba mai cin lita 500 a kan dakali, tsayin dakalin mita ɗaya da rabi. Akwai famfo kusa, amma ƙarfinsa ba tabbas, yau ya zo da ƙarfi, gobe da ƙyar yake tsiyaya. Na ga ana sayar da agogo mai batir da ke buɗe ruwa ya rufe da kansa. Shin a famfo zan ɗaura shi ko a tanki? Feshi ya fi ko ɗigo? Minti nawa zan saita? Don Allah kada a kawo mini abin da zai zame mini wani sabon aiki, hutu nake nema.

Baba Mai Lambu:

Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika gani a jikin tumatirin nan ba cuta ba ce, kada ki sayi maganin feshi. Ƙishi da ƙoshi ne ke bin juna. Idan ƙasa ta bushe ƙamas, saiwa ba ta iya kai sinadarin kalsiyam cikin 'ya'yan, sai gindin ya yi baƙi. Idan kuma aka kwarara ruwa bayan ƙishi, cikin ya kumbura fiye da yadda fatar za ta iya miƙewa, sai ya tsage. Waɗanda suka riga suka lotsa ki tsinke su, ba sa warkewa.

Ɗigo za ki yi, ki manta da feshi. Feshi yana jiƙa ganye, kuma tumatir da kokwamba ba abin da ke jawo musu ciwon ganye kamar kwana a jiƙe. Iska ta kwashi wani, wani ya sauka a kan hanya ya tsirar miki da ciyawa. A ƙiyasin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan ɗigo ne ke amfanar shuka, na feshi kashi 75, na kwararo a ƙasa kashi 60. Balle ma tankinki ba shi da ƙarfin da zai juya abin feshi.

Sai lissafi, kuma a nan nake so ki nutsu, don shi ne mutane ke tsallakewa su yi ta saita agogo da ka. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan cif. Fangalinki uku murabba'in mita 12 ne. A yini mai zafi matsakaici, kayan lambu da suka yi girma suna shan wajen milimita 5, wato lita 60 a rana gare ki. Idan zafi ya tsananta ga busasshiyar iska, ya kai milimita 7, lita 84 ke nan. To ki raba 500 ɗinki: kwana 8 a yanayi mai sauƙi, kwana 6 ma da ƙyar a tsananin zafi. Wannan ita ce iyakar tafiyar da za ki yi idan ba mai cika tanki.

A kowane fangali ki shimfiɗa layi biyu na siririn bututu baƙi mai faɗin milimita 16, irin wanda aka riga aka sa masa ramukan ɗigo a ciki duk bayan santimita 30. Layi mai mita 4 zai ba ki rami 13, layi shida rami 78. Amma ki fara duba irin ƙasarki. A ƙasa mai yashi ruwa yana nutsawa ne tsaye siriri kamar karas, a mai yumɓu kuwa yana bajewa ya yi ciki kamar albasa. Idan yashi ya yi yawa ki nemi mai tazarar santimita 20, idan yumɓu ne 40 ma ta isa.

Batun minti nawa, ba wanda zai faɗa miki daga nan ya faɗi gaskiya. Ki haɗa komai, ki buɗe ruwa, ki tona ɗan gurbi ki ajiye kofi ƙarƙashin rami ɗaya na kusa da tanki, wani kofin a can ƙarshen layi mafi nisa. Bayan minti 15 ki auna abin da ya taru, ki ninka sau 4, kin san abin da rami ɗaya ke bayarwa a awa. Ki ninka da yawan ramuka, sai ki ga awa nawa za ta ba ki lita 60. Idan kofin ƙarshe ya samu ƙasa da na farko ƙwarai, akwai toshiya ko layin ya hau tudu. Washegari da yamma ki tura yatsa ko ƙaramin wuƙa santimita 15 kusa da gindin tumatir. Ƙasar ta dunƙulu a hannu ba ta ɗiga ba, daidai ne. Kada saman ƙasa ya ruɗe ki, da ɗigo saman yakan zauna a bushe alhali ƙasa na da danshi, kuma a nan ne masu tausayin shuka ke ƙara ruwa har saiwa ta ruɓe.

Ki saita shi da sanyin asuba. Sannan ki rufe fangalin da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, har da bututun, ki bar ɗan fili a gindin kowace shuka. Wannan kaɗai zai rage miki shan ruwa da cirar ciyawa fiye da kowace na'ura.

Ɗan Famfo:

Baba ya gama magana a ɓangaren ƙasa, ni kuma Anti bari in sa baki a kan ƙarfe da roba, don a nan kuɗi ke salwanta.

A tanki za ki ɗaura agogon, ba a famfo ba. Famfon da ba ya da tabbas zai iya zama a bushe daidai lokacin da agogo ya buɗe, shi kuwa agogo zai rufe abinsa idan mintinsa sun cika, ko ɗigo ɗaya bai fita ba. Ki ja famfon zuwa saman tanki, ki sa masa bawul mai ƙwallo irin na tankin banɗaki, duk sanda ruwa ya zo ya cika, ya tsaya da kansa. Da haka maganar kwana 6 ko 8 ta kau. Akwai wata riba kuma: tunda bakin shigar ruwa yana sama da ruwan tanki, ruwan lambu ba zai taɓa komawa cikin bututun ruwan sha ba.

Amma tanki yana da nasa sharaɗin. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1. Naki dakalin mita ɗaya da rabi ne, idan tanki ya cika ki ƙara wajen mita 1, wato kina tsakanin 0.15 da 0.25. Yawancin agogon da ake sayarwa suna da wani faifan roba a ciki wanda ƙarfin ruwa ne ke ɗaga shi, akasari sai da bar 0.5 zuwa sama. Ki ɗaura shi a tanki, za ki ji ya yi ƙas, ruwa kuwa shiru. Ki nemi mai ƙaramin mota da ke juya ƙwallo a ciki, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana aiki tun daga bar 0. Ki leƙa cikinsa yana buɗe, za ki hango haske ta ɗaya ɓangaren.

Haka ma bututun ɗigo. Wanda aka rubuta PC a jikinsa, wato mai daidaita fitar ruwa ko da matsi ya canza, mai kyau ne ga masu famfo mai ƙarfi, amma ba naki ba ne, don shi ma yana buƙatar matsi. Ki sayi gama-gari. Kuma lita 2 a awa da aka rubuta a bar 1 aka auna. A ƙarfin tankinki rami ɗaya zai ba da tsakanin lita 0.8 da lita 1, ramuka 78 su ba da lita 62 zuwa 78 a awa. Saboda haka ki fara da awa ɗaya, kofin Baba ya gyara sauran.

Jerin haɗi daga tanki: makulli na hannu, matata, agogo, sannan babban bututu. Matatar kada ki yi wasa da ita, mai lamba 120 ake so, don ramin ɗigo ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Tankin ya zama mai duhu, a rufe ruf, in ba haka ba gansakuka ta cika shi, sauro ma ya samu wurin haihuwa. Ƙarshen kowane layi ki lanƙwasa ki ɗaure, kada ki liƙe shi, sau ɗaya a wata ki kwance ruwa ya wanke datti.

Goggo Mai Tulu:

Ku dai kuna son batir! Ƙanwata, ban ce kada ki bi shawararsu ba, amma fangalin tumatir da barkono ni da tulun ƙasa nake shayar da nawa. Tulu mara shafe, wanda yake zufa, ki binne shi har wuya, ki cika shi, ki rufe bakin da faifai ko fasasshen kasko. Ki dasa shuka uku ko huɗu kewaye da shi, tazarar taku ɗaya. Idan ƙasa ta bushe tana tsotsa da yawa, idan tana da laima tsotson ya ragu, abin da agogonku bai iya ba ke nan. Dabara ce tsohuwa, an rubuta ta a wani littafin noma na ƙasar Sin shekara 2000 da suka wuce. Ranar da za ki tone shi za ki tarar saiwa ta nannaɗe cikinsa ta ko'ina.

Aibinsa, sai an cika shi duk bayan 'yan kwanaki. Amma a matsayin majingina, ranar da batir ya mutu kina nesa, ba kamarsa.

Maman Biyu:

Allah ya saka da alheri Baba, Goggo, da ƙanina. Saura abu uku. Latas da tumatir ai ba shansu ɗaya ba, agogo ɗaya zai wadatar? Zan iya zuba takin ruwa cikin tanki ya tafi tare? Idan kuma aka yi ruwan sama fa?

Baba Mai Lambu:

Agogo ɗaya ya isa lambu irin naki. Yawancin saiwar latas ba ta wuce santimita 30, tana son kaɗan-kaɗan kullum, ta tumatir kuwa tana nutsawa fiye da rabin mita. Ki saita ruwa kullum, ki ba fangalin latas layi uku maimakon biyu, sannan ki sa ɗan makulli a bakin kowane fangali. Idan yatsa ya gaya miki tumatir ya ƙoshi da yawa, ki ɗan matse nasa. Fangalin da kika girbe kuma ki rufe shi gaba ɗaya.

Karas ne zai ba ki aiki. Irinsa a sama-sama yake, yana ɗaukar mako 1 zuwa 3 kafin ya tsiro, kuma ɗigo ba ya jiƙa saman ƙasa ko'ina. Ki shuka shi lokacin da kike gida, ki yayyafa da hannu safe da yamma, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ki yaye da zarar ya leƙo. Dashe ma a kwanakin farko ki taimaka masa da hannu.

Taki kada ya shiga tanki, musamman jiƙon kashin dabbobi. Zai toshe ramuka, ya kuma yi yauƙi a cikin bututu. Ki cakuɗa ruɓaɓɓen taki da ƙasa kafin shuka, ƙari kuma ki zuba a gindi daidai inda ɗigo ke sauka.

Ruwan sama, yawancin agogon suna da maɓallin jinkiri na kwana 1 zuwa 3. Wannan kam yaro zai iya dannawa idan kin kira shi a waya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ki bar abin ya yi mako biyu yana aiki a idonki kafin ki dogara da shi.

Ɗan Famfo:

Ƙarin bayani kaɗan Anti. Batir sabo duk farkon shuka, kada ki jira alamar ƙarewa ta fito. Agogon ki kifa masa bokiti ko ki yi masa 'yar rumfa, rana tana cin allonsa. Duk mako idan kin dawo ki bi layukan yayin da ruwa ke tafiya: inda kika ga ƙasa ta jiƙe sharkaf, ɓera ya ci bututu, ki yanke wurin ki haɗa da mahaɗi. Inda shuka ɗaya ta yi yaushi 'yan'uwanta na tsaye, ramin da ke gindinta ya toshe. Idan farin gishiri ne ya taru a bakin ramin, kada ki soka allura, za ki faɗaɗa shi ya riƙa cinye rabon na bayansa. Ki cire layin ki jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, ki ɗauraye da safe ki mayar.