Ƙuraje a fata da kaza mai kwanciya: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Mai Kiwo:
Assalamu alaikum. Kajin ƙwai ne 'yan sati 30, a keji. Wasu sun fito da ƙuraje, wasu kuma sun kwanta ba sa iya miƙewa, amma idan an matso musu da abinci suna ci. Ta ina zan fara?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba inda ƙurajen suke. Idan a zanko ne da leɓe da gefen ido, suna yin baƙin ɓawo, aganar kaji ce, sauro ke yaɗa ta. Ka shafa aidin, kada ka ɓamɓare ɓawon, cikin sati 2 zuwa 4 zai faɗi da kansa. Masu lafiya a yi musu rigakafi a fatar fiffike, bayan kwana 7 zuwa 10 ka duba wurin. In ya ɗan kumbura, allura ta kama.

Idan kuwa ƙulli ne mai tauri a gindin gashi, kazar kuma ta miƙe ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, zargi cutar Marek. Ita ce ke haɗa ciwon fata da na jijiya. Ba ta da magani, rigakafinta ranar ƙyanƙyasa ake yi.

Hajiya Mai Kaji:
Malam, game da masu kwanciyar, shekarunsu da zaman keji sun fi nuna ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Ɓawon ƙwai ɗaya na cin kusan giram 2 na kalsiyam, kuma da dare ake gina shi, lokacin da cikin kazar ba abinci. Sai jiki ya kwasa daga ƙashi, ƙashin baya ya yi rauni ya karye, ya danne laka, ƙafafu su mutu. Taɓa ƙashin ƙirjinta, in ya lanƙwashe, ka ga alama.

Fitar da su daga keji zuwa ƙasa mai shimfiɗa, ruwa da abinci kusa da baki, bitamin D3 a ruwan. Waɗanda lakarsu ba ta lalace ba sukan tashi cikin mako guda. Abincin ya kai kashi 4 cikin 100 na kalsiyam, fiye da rabin kalsiyam ɗin ya fito daga tsakuwar farar ƙasa mai kaurin milimita 2 zuwa 4. Garinta yana narkewa da wuri, ba ya kaiwa dare.

Malamin Dabbobi:
Gaskiya ne, Hajiya. Don yanke shakka, a kai kaji biyu likita ya feɗe: jijiyar cinya da ta kumbura Marek ce, haƙarƙari mai laushi kuwa ƙarancin kalsiyam ne.