Digiri na biyu ta intanet a injiniyancin masana'antu: waɗanda suka taɓa, ku ba mu labari

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Gombe, ga iyali, don haka ajiye aiki in koma aji ba zai yiwu ba. Ina tunanin yin digiri na biyu ta intanet a fannin tsara aikin masana'anta. Wanda ya yi, ko yake ciki, don Allah ya faɗa mana yadda abin yake. Abin da makarantu ke rubutawa a tallarsu na riga na karanta.

Injiniya daga Bajoga:
Wa alaikumus salam. Ni ina ciki yanzu, da wata jami'a ta Amurka. Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi agogo. Gabashin Amurka na bayanmu da awa 5 ko 6, tsakiyarta 6 ko 7, ya danganta da lokacin shekara. Laccar da suke sawa ƙarfe 6 na yamma don ma'aikatansu, kai sha ɗaya ko sha biyun dare za ta same ka, wani lokaci ɗaya. Laccar ma da sauƙi tunda ana naɗa ta, ka kalla bayan asuba. Aikin rukuni ne bai da magani: mutum huɗu, ɗaya a Indiya, biyu a Amurka, sai kai. Kullum wani ne zai rasa barci, kuma sau da yawa kai ne. Da yau zan fara, zan fi duba makarantun Ingila, don agogonmu ɗaya ne da su daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni awa ɗaya ce kawai tsakani.

'Yar Yalwa, Bauci:
Ni kuɗi ne ya tsayar da ni. Na fara lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin a shiga tsakiyar 2024 ta haura 1,400. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, amma albashina na wata da dama ya zama kuɗin kwas ɗaya. Dole na jingine. Ƙanena, kada ka yi lissafi da farashin yau, ka tambaya tun farko ko suna yarda a biya kwas-kwas a kuma huta wani zango. Daga baya na koma kan MicroMasters, wani jerin kwasa-kwasan intanet na jami'ar MIT ta Amurka, na ka'idojin ƙera kaya. Ba digiri ba ne, amma kuɗinsa bai ko kusa da na digiri ba, kuma a nan za ka gane ko lissafinka na ƙididdiga yana nan ko ya tsufa. Nawa ya tsufa, sai da na nemo littafin aji uku na kakkaɓe.

Dattijon Wunti:
Ku yi haƙuri da tsoho. Mu da muka ga lokacin da Steyr ke haɗa tarakta da manyan motoci a Bauci, hannu muka sani. Na taɓa karɓar wani yaro mai takarda mai kyau, ya zana mini abu a kwamfuta tsaf, amma da na ba shi ma'auni ya auna wani rami, sai ya tsaya yana kallona. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) nan a bakin ƙofarku, tun 1980 take, tana da sashen kanikanci da ƙere-ƙere, da injinan da za ka taɓa. Me ya kai ku Amurka ta waya?

Mai injin man gyaɗa, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ga wanda bai taɓa shiga masana'anta ba. Irin wannan yaron ni ma ba zan ba shi shawara ba. Amma mai tambayar nan kullum yana cikin ƙurar shinkafa, ɗakin gwajinsa yana hannunsa. Kuma yawancin karatun ba sassaƙa ƙarfe ba ne, tsari ne: ina kaya ke cunkushewa a layi, me ke sa inji ya tsaya, yaya ake gane matsala kafin ta zama asara.

Ga abin da ya faru da ni. A kwas ɗin kula da inganci an koya mana jadawalin da Walter Shewhart ya fito da shi a 1924. Aka ce kowa ya kawo ma'aunai daga wurin aikinsa. 'Yan ajinmu suka kawo na kayan mota da na jirgin sama, ni kuwa jarkokin mai. Duk awa sai in ɗauki jarka biyar daga layi in ɗora a sikeli, in rubuta a littafin makaranta mai bango ja da na rataya jikin ginshiƙi. Yaran aiki suna ta dariya, wai oga ya koma firamare. Da na zana, sai ga nauyin yana sauka kaɗan-kaɗan daga azahar zuwa la'asar, kullum. Da can zargin mai cikawa nake yi. Ashe man ne: da rana ya fi zafi, ya kumbura, shi kuwa yaron yana cika jarka ne zuwa alamar da aka yi masa. Muka koma cikawa a kan sikeli maimakon ido, maganar ta mutu. Malamin ya ce a cikin ajin duka ba wanda ya kawo misalin da ya fi wannan fitowa fili, har ya nemi hoton littafin.

Dattijon Wunti:
To, wannan kam aiki ne. Amma ka lura, sikelinka ne ya yi rabin karatun.

Malamar kwalejin fasaha, Gwallameji:
Abu biyu da ba a ambata ba. Kwamfuta: SolidWorks, manhajar zana kayan inji, a kan Windows yake aiki, kuma ƙaramar kwamfutar ofis ba za ta ɗauke shi ba, ka nemi mai RAM 16GB. Jarrabawa kuma da kyamara a buɗe ake yi, in intanet ya yanke sai ka yi ta bayani. An taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar jarrabawa, ɗakin ya yi duhu, na'urar ta daina ganin fuskata. Tun ranar na haɗa ƙaramin sola da batir, na kuma ajiye layi biyu na kamfanoni daban.

Sai takardu. Ka nemi cikakken sakamakonka na digirin farko tun yanzu, nawa ya ci watanni kafin ya fito. In aikin gwamnati kake hari, takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance, don haka ka bincika matsayin makarantar kafin ka biya, ba bayan ka gama ba.

Ɗan Bolari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya 'yar Yalwa, zan bi hanyarki in gwada kwas ɗaya tukuna. Mai man gyaɗa, mu matsalarmu karyayyar shinkafa ce, wata rana ta yi yawa wata rana ta ragu, kuma ina zargin danshin shanshera. In na fara auna danshin da yawan karyayyar, a jadawali ɗaya zan zuba su ko kowanne da nasa?