Inda za ka ci kifi da jatan lande da araha a Mazatlan

Na tattaro abin da mutane suka fi maimaitawa kan cin kifi a Mazatlan, garin bakin teku a jihar Sinaloa ta Meziko. Kusan kowa cewa yayi ka manta da gidajen abincin unguwar otal-otal ta Zona Dorada, na 'yan yawon buɗe ido ne, kuɗin kallon teku kawai za ka biya.

Wurin da aka fi yabo shi ne layin Aquiles Serdán a tsakiyar gari, inda matan da ake kira changueras ke zama da manyan robobi cike da ƙanƙara da jatan lande, ka zaɓa da kanka a auna maka kilo, ka ɗan yi ciniki, sai ka ɗauka zuwa wani gidan abinci kusa su soya maka da tafarnuwa ka biya kuɗin girki kawai. Wasu kuma sun ce ka yi sammako zuwa Playa Norte lokacin da masunta ke dawowa da jiragensu.

Gasasshen kifinsu, pescado zarandeado, an ce ka hau ƙaramin jirgin ruwa zuwa Isla de la Piedra, can ake gasa shi kan garwashi.

Aguachile dai an sha musu a kansa, ɗanyen jatan lande ne a ruwan lemun tsami da barkono, ni kam sai dai in kalla. Kuma ka tambaya kafin ka ci, wani jatan landen da naman alade ake naɗe shi.