Taƙaitawa: an sa sabon katin hoto, wasa na sarƙewa, kwamfuta na mutuwa

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunmu kan kwamfutar ɗan'uwanmu na nan Maraɗi da ya sa RTX 3060, wato katin hoto na kamfanin Nvidia da ke sarrafa abin da allo ke nunawa.

1. Kusan kowa ya ce a fara da direba, wato manhajar da ke sa katin aiki. A shiga Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai), a goge tsohon da DDU (manhajar goge direba), sannan a sa sabo, balle in katin da aka cire na kamfanin AMD ne.

2. Wuta aka fi daɗewa a kai. Nvidia ta ce wannan kati na son na'urar ba kwamfuta wuta mai ƙarfin 550W, tasa kuwa 400W ce marar suna. Da wasa ya yi nauyi sai allo ya ɗauke ɗif, fanka ta yi shiru, kwamfuta ta sake tashi ba wani saƙo. Ni ma nan na fi zargi. Wasu sun ce wutar gari na hawa da sauka, a nemi abin daidaita ta.

3. Zafi da ƙura: a buɗe akwatin, a hure, a duba zafin da manhajar MSI Afterburner.

An rabu a kan sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta. Wasu sun ce a yi, wasu na tsoron wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, madabod (babban faifan da ake haɗa duk kayan kwamfuta a kai) ya lalace. Mutum biyu kuma sun dage tsohon furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ne ke jawo sarƙewar.