Na gaji faifan jaz a wurin kawuna, daga ina zan fara?

Tela Mai Aikin Dare:

Assalamu alaikum jama'a. Kawuna ya rasu watan jiya, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da muka zo kwashe ɗakinsa sai ga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da faifan garmaho, sun kai talatin. Kowanne yana cikin kwalinsa, har da kafur ya zuba saboda ƙwari. Ba wanda ya kula su, ni na ɗauko. A jikin ɗaya akwai hoton wani mutum riƙe da ƙaho da farin hankici, an rubuta Louis Armstrong.

Ba ni da garmaho, sai na nemi kiɗan jaz a YouTube. Na farkon da ya fito irin wanda ake sakawa a otal ne, awa uku ba hawa ba sauka. Na biyun kuwa kamar an tara masu busa biyar suna cacar baki. Ni ɗinki nake yi, yawanci da dare idan an kawo wuta, kuma zuciyata ta kasa barin tambayar me dattijon nan yake ji a ciki har ya adana su shekara da shekaru. Don Allah wanda ya san abin ya faɗa min inda zan fara.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan kawunka, Ya sa ya huta.

Ɗana, kunnenka lafiya lau yake, ƙofar ce ba ka samu ba. Yawancin kiɗan nan tsarinsa ɗaya: za su fara da take gaba ɗayansu, sannan a bar wa kowa fage ya faɗi nasa a kan wannan taken, a ƙarshe su dawo su rufe da shi. Idan ka riƙe taken a ka, ba za ka ɓata ba.

Fara da "Moanin'" na Art Blakey, na 1958. Fiyano zai yi magana, masu busa su amsa da sauti biyu kacal, kamar masu cewa amin. Duk wanda ya tashi yana jin Shata da 'yan amshinsa zai gane wannan tun a minti na farko. Bobby Timmons mai fiyanon shi ya tsara shi, kuma a coci ya tashi, daga can ya ɗauko amshin. Ka kasa kunne lokacin da Lee Morgan zai shigo da ƙahonsa. Shekararsa 20 a lokacin, amma ya shigo kamar mai gidan. Shi kuwa Blakey, mai gangunan, ya musulunta ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina.

Sai mutumin da ke jikin faifan kawunka. Mutane sun fi saninsa da "What a Wonderful World" ta 1967, tana da daɗi, amma wannan Armstrong ne da ya manyanta. In kana son ka ji dalilin da ya sa ake sara masa, nemi "West End Blues" ta 1928. Akwai ɗan shuu irin na tsohon faifai, ka yi haƙuri da shi. Shi kaɗai yake buɗewa, ba ganga ba komai, ya hau ya sauko cikin 'yan daƙiƙu. Can wajen ƙarshe zai kama sauti ɗaya ya riƙe shi, ya riƙe, har sai ka ji kai ma ka daina numfashi. Na fi shekara 40 ina jin wurin nan, bai taɓa isata ba. Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna.

'Yar Damagaram:

Allah Ya gafarta masa. Baba ya yi bayani mai kyau, amma ni da murya zan ce ka fara, ƙanena, don kunnen Bahaushe mawaƙi yake nema tukuna. Akwai faifan da Ella Fitzgerald da Armstrong suka yi tare a 1956, sunansa Ella and Louis. Saka "Cheek to Cheek". Muryarta sumul, tasa kamar ana jan buhun tsakuwa, amma sun dace. Ni da shi nake guga ranar Lahadi.

Ɗaya ce zan ce kada ka saka kana kan keke: "Strange Fruit" ta Billie Holiday, 1939. A kan baƙaƙen fata ce da ake kashewa a rataye su a bishiya a kudancin Amurka, su ne baƙon 'ya'yan itacen. Wani malamin makaranta Bayahude a New York, Abel Meeropol, shi ya rubuta. Kamfanin Columbia ya ƙi ɗauka, sai a ƙaramin kamfanin Commodore ta yi. Ranar da aka fassara min baitocin, tuwon dare ma ban iya ci ba.

Ɗan Samaru:

Yallaɓai, tunda tela ne kai, gwada "Take Five" na Dave Brubeck, 1959. Paul Desmond mai saksafon ya tsara. Yawancin kiɗa huɗu-huɗu ake ƙirga shi, wannan biyar ne: ɗaya biyu uku, ɗaya biyu. Ƙafarka za ta yi ta neman inda za ta sauka, sai ta saba. A wannan shekarar dai Miles Davis ya fitar da Kind of Blue. A "So What", ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa shi ke tambaya, fiyano na amsawa. Kiɗan ƙarfe biyun dare ne.

Abin da ya kama ni ni kuwa shi ne "My Favorite Things" na John Coltrane, 1961. Siririn saksafon yake busawa, wallahi sai ka ce algaita a ƙofar fada. Minti 13 ne da ɗoriya, kada ka yanke. A Love Supreme nasa ka bar shi sai nan gaba, yana da nauyi ga sabon shiga.

Kuma abin nan ya zo har gidanmu. Yusef Lateef, babban mai busa daga Detroit, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bincike a kan sarewar Fulani. Nemi faifansa Eastern Sounds na 1961.

Tela Mai Aikin Dare:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, jiya sau huɗu na saka "Moanin'". A na uku na kama kaina ina amsa amin ɗin da baki, ga hannun riga a ƙarƙashin allura. Yaya, na ji maganarki, na ajiye ta Billie Holiday sai ranar Juma'a da ba na buɗe shago.

Na sake buɗe akwatin da safe. Kind of Blue yana ciki, kwalin ya sha hannu har gefensa ya yi laushi, an liƙe shi da salatif. A baya kawu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "So What". Yanzu garmaho nake nema, ko na hannu ne, in dai allurarsa na da kyau. Wanda ya san inda ake gyara su a Kano ko Zariya ya taimaka min.