Yadda za mu riƙa tuna 'ya'yanmu sojoji

Bayan La'asar muka zauna a garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, kan batun samarinmu sojoji da suka rasu tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Dattawa sun ce a rubuta sunayensu a littafin masallaci, da ranar rasuwar kowa, domin wasu ko kabarinsu ba a gani ba. An ambaci saukar Alƙur'ani, da girka randunan ruwa a bakin hanya, ladan ya isa gare su.

Maganar da ta fi taɓa ni ta wata uwa ce. Ta ce, "Malam, kwana uku ake zaman makoki, marayu kuwa kullum sai sun ci." Nan take aka amince kowane gida ya ware mudun dawa duk wata, a kuma ɗauke wa matan mamatan kuɗin makarantar yara.