Awon tsawon bakin mahaifa, dole sai ta ƙasa?

Ummu Hanan:
Slm 'yan uwa dan Allah ku ban shawara. Cikina sati 20 yanzu, na baya a wata bakwai na haife shi, Allah bai yi zai tsaya ba. Jiya an min sikanin ta saman ciki aka ce bakin mahaifa milimita 28, amma likita bai gamsu ba wai in dawo a yi ta ƙasa. Wlh tsoro nake ji, kar a saka min na'urar nan ta taɓa wurin cikin ya zube. Akwai wadda aka taɓa yi wa?

Maman Biyu:
Allah ya ji ƙan wanda ya rigaya ƙanwata. Ni sau uku aka min, ba zafi sai ɗan matsi kawai, ana sa mata roba da ruwan santsi sannan ko minti goma ba ya kaiwa. Kuma sauti ne fa take aikawa, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, ba ruwanta da jariri. Je ki kawai.

Anti Nas:
Likitan nan ya kyauta miki. Na saman ciki yana yaudara, ana so mafitsara ta cika kafin a ga wurin da kyau, to cikar tata kuma sai ta danne bakin mahaifa ya yi kamar ya fi tsawo, ga kan jariri ko ƙashin mara wani lokacin ya tare. Shi ya sa ta ƙasa sai kin yi fitsari tukun, a auna kamar sau uku a ɗauki mafi gajarta. Yawanci tsakanin sati 16 zuwa 24 ake yi, ana son a ga milimita 30 zuwa 40, in ya kai 25 ko ƙasa shi ne gajere. Ke da kika taɓa haihuwar bakwaini wannan 28 ɗin taki ba abin sakaci ba ce, ƙila in an duba ta ƙasa a samu ba ta kai haka ba. In gajere ne akwai maganin furojestaron (sinadarin da ke taimakawa wajen riƙe ciki) na matsawa, wasu kuma a musu ɗaurin bakin mahaifa a kwance wajen sati 36 ko 37, amma duka da wuri suke amfani, kar ki bari sati ya yi nisa.

Ummu Hanan:
Na gode anti, hankalina ya ɗan kwanta. Zan iya cewa mace nake so ta min?

Anti Nas:
Sosai ma, ki faɗa tun wajen karɓar kati. In kuwa kin ga jini ko ruwa na zuba ko mara na ƙullewa kar ki jira ranar awo, ki tafi a daren.